Saƙon Kuɗi Ba Ya Riƙe Fartanya

Ya ku 'yan'uwa mazauna Agege, da Idi-Araba, da Sabon Ibadan, da Fatakwal. Yau maganar gida za mu yi.

A zamanin iyayenmu ci-rani yana da ƙa'ida. Mutum ba ya barin garinsu sai an yanke gero da dawa an zuba a rumbu, kuma da zarar hadarin bazara ya fara haɗuwa sai ya ɗaure kayansa ya koma sharar gona. Yanzu kuwa ci-rani ya zama ƙaura. Saurayi zai zo Kudu da niyyar wata huɗu, sai ga shi ya shekara bakwai yana acaɓa ko gadi.

Sakamakon haka kuwa a fili yake. A ƙauyuka da yawa na Sakkwato, da Katsina, da Zamfara, gandu ya watse, gayya ta mutu, an bar tsofaffi da mata da ƙananan yara su yi noman farko da maimai. Wani zai ce ai yana aika wa Baba kuɗin ƙwadago. To, wa za a ɗauka, tun da shi ma ɗan ƙwadagon yana nan Legas tare da kai? Ciyawa ba ta jira, mako biyu ya ishe ta cinye gonar gero. Hatsin da ba a noma ba kuwa, mu ne muke biyan tsadarsa a kasuwar Mile 12. A 2024 hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin ɗari.

Ba mu ce duk wanda ya baro gida rago ne ba. Da yawa 'yan bindiga ne suka kore su, wasu wuraren ma sai manomi ya biya haraji kafin a bar shi ya girbe abin da ya shuka. Wannan nauyi yana wuyan hukuma. An yi shirin ciyar da ƙasa a 1976, an yi juyin noma na Shagari a 1980, an ayyana dokar ta-ɓaci kan abinci a 2023. Amma taki da tarakta ba su da amfani a gonar da mai ita yake tsoron shiga. Lalle ne a tsare daji, a kuma gyara hanyoyin ruwa na Bakolori da Goronyo, domin matasa su sami aikin rani a gida.

Amma wanda garinsu yake zaune lafiya ba shi da hanzari. Mu tuna yadda aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida na Legas a watan Yuni 2022, dubban mutane suka wayi gari ba sana'a. Gonar gado ba a soke ta da sanarwa.

Saboda haka muna roƙon sarakunan Hausawa da ƙungiyoyinmu su tsara karɓa-karɓa: a kowane gida, in biyu sun zauna, ɗaya ya tafi damina, a riƙe masa rumfarsa har ya dawo. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.