A Gyara Mana Darar Cikin Waya

Mu malamai mun daɗe muna kuka da wayar hannu, domin muna ganin yadda take cinye lokacin yara idan sun je hutu, wasu ma har ta kai su ga cacar ƙwallo. Amma tsawa kaɗai ba ta raba yaro da waya. Gara mu sa masa abin da zai wasa ƙwaƙwalwarsa a ciki. A ganinmu, darar Turawa, wato ces, ta cancanci wannan gurbi.

Wasan yana koya wa yaro haƙuri da duba ƙarshen al'amari kafin ya miƙa hannu. Tunde Onakoya ya fara koya wa yaran talakawa shi a Ikorodu ta Jihar Legas a 2018, kuma a Afrilun 2024 ya yi awa 60 yana bugawa a birnin New York don tara kuɗin karatun yara. Sai dai manhajojin da muka gani ba a yi su da yaron Wudil a zuciya ba. Ga gyara huɗu da muke so.

Na farko, harshe. Wasan ya taso daga Indiya, ya bi ta Farisa da ƙasashen Larabawa kafin ya isa Turai, kuma kowace al'umma ta raɗa wa 'ya'yan dararta suna. Wanda Ingilishi ke kira bishop, Larabawa giwa suke ce masa, Faransawa kuwa wawan sarki. Sarauniya ma a da mashawarcin sarki ce. To, me zai hana mu ce sarki, waziri, giwa, doki, hasumiya da dakaru? Yaron da ya taɓa kallon hawan salla zai gane su nan take.

Na biyu, ta yi aiki ba data, ta kuma shiga ƙaramar waya ba tare da shanye caji ba. Uban da ke fama da kuɗin makaranta ba zai sayi data don wasa ba.

Na uku, a gyara maɓallin taimako. Tun 1997 da kwamfutar Deep Blue ta doke zakaran duniya Garry Kasparov, inji ya yi ta ƙara ƙarfi, har na cikin waya yau ya fi gwanayenmu. Idan yaro zai danna a ba shi amsa, satar amsa muke koya masa. Gara manhajar ta yi irin ta malami, ta tambaye shi: "Wa yake tsaron dokinka?"

Na huɗu, a sa tamu darar a ciki, mai gidaje 30 da 'ya'ya 12 ga kowane ɗan wasa, wadda sai ka jera uku kake cin ɗaya. Idan yaranmu suka iya ta baƙi suka manta ta kakanninsu, ai dara ta ci gida.

Wa zai yi aikin? Mu ne. Manhajar Lichess, wadda wani Bafaranshe, Thibault Duplessis, ya fara a 2010, kyauta ce, ba talla, kuma a buɗe take ga duk mai son ya duba yadda aka gina ta. Masu sa kai ne suke fassara ta zuwa harsuna. Ga kuma Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote a nan garinmu, inda ake koyar da ilmin kwamfuta.

Ya ku ɗalibai, ku kafa ƙungiyar dara a zango mai zuwa, ku fara da tattara kalmomin wasan da Hausa tare da malamanku. 'Yan aji shida masu shirin shiga jami'a, ku riƙe wannan aiki a ranku. Iyaye da tsofaffin ɗalibai, allon dara guda biyu ya isa mu fara.