HUTU GANDU NE, ATISAYE GAYAUNA

Daga Malamin Wasanni

Duk shekara idan zango na uku ya zo ƙarshe, 'yan guje-guje da tsalle-tsalle na makarantarmu sukan rabu gida biyu. Wasu suna gunaguni, wai dogon hutu zai kashe musu ƙafa, in sun je gida ba abin da ke jiransu sai fartanya. Wasu kuwa tun a mota suke mantawa da filin wasa, su jefa takalmin gudu ƙarƙashin gado sai watan Satumba. Na farkon sukan je gida su yi ta fakewa da atisaye don kada a aike su. Na biyun sukan dawo, wanda ya ci mita 1,500 bara ya kama haki tun a zagaye na biyu. A ganina dukansu ba su fahimci ko hutu na wane ne ba.

Mu da muka tashi a ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa mun san tsarin gandu. Maigida da 'ya'yansa suna noma babbar gona tare, daga cikinta ake cika rumbu, a ci, a yi sutura, a biya kuɗin makaranta. Amma maigida mai hankali yakan yanka wa kowane ɗa 'yar gayauna tasa, ya kuma bar masa lokacin da zai nome ta. Ɗa ba ya barin gandu ya tafi gayauna da hantsi, uba kuma ba ya hana shi zuwa gayaunarsa in an tashi daga aiki. To, ya ku ɗalibai, hutu gandu ne, na iyayenku ne. Atisaye kuwa gayauna ce. Tana da hakki, amma ba ita ce gaba ba.

Ku yi lissafi da kanku. Ɗalibin makarantar kwana yana yin wajen wata tara a shekara nesa da gida. Abin da ya rage wa uwa da uba su ga ɗansu wata uku ne kawai, shi ma a rarrabe. Dogon hutu yana faɗawa tsakiyar damina, lokacin maimai da huɗa da zuba taki, har zuwa girbin gero. Hutun Kirsimati lokacin kaka ne, ana sussuka, ana ɗauko dawa da auduga, ana kuma ziyarar dangi. Hutun Ista yana zuwa da bazara, lokacin sharar gona da kai taki. Babu hutun da ba a bukatar hannunku a cikinsa. Buhun masarar da aka sayar aka saya maka takalmin gudu, wani ne ya sunkuya ya nome shi. Saboda haka yaron da zai ce wa tsohonsa ba zai je gona ba domin kada ƙafarsa ta yi tsami, ya ci amanar wanda ya sa shi a makaranta. Doka ta biyar cikin Dokoki Goma, wadda ta umarce mu da girmama iyaye, ba ta ware 'yan wasa ba. Luka ma ya shaida mana cewa Ubangijinmu Yesu, yana ɗan shekara 12, ya bar malamai a Haikali ya bi iyayensa zuwa Nazarat yana yi musu biyayya.

Amma fa, ya ku iyayenmu, gayauna ma gona ce. Sau da yawa akan ce wa yaro, "Gudun me kake yi, wa ya kore ka?" Wasu kuma su ce ai noma ya ishe shi motsa jiki. Gaskiya ne noma yana ƙarfafa baya da damtse, yana koya wa mutum jimiri a rana, abin da yaran birni da yawa ba su da shi. Sai dai ba ya koya wa ƙafa sauri, ba ya kuma riƙe wa mai gudu numfashinsa. Masana motsa jiki sun tabbatar cewa wanda ya daina atisaye gaba ɗaya, cikin mako biyu zuwa huɗu numfashinsa yake fara raguwa, alhali kuwa dogon hutu yana kai mako shida ko fiye. Sun kuma gano wani abu mai daɗin ji: wanda ya rage atisayensa zuwa kwana biyu ko uku a mako, muddin ya yi shi da ƙarfi kamar yadda ya saba, zai riƙe abin da ya tara har makonni masu yawa. Watau abin da ɗanku ke roƙo bai wuce awa ɗaya da asuba ba, sau uku a mako. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma yaron da zai ɗauko wa makaranta kofi ba ranar gasa yake koyon gudu ba.

Wannan matsala ba tamu kaɗai ba ce. Akwai wata gasa mai rassa uku da ake kira tirayatalon, wadda ta shiga wasannin Olamfik a birnin Sidini na Ostireliya a shekarar 2000. Ɗan wasa zai yi iyo na kilomita ɗaya da rabi, ya fito ya hau keke kilomita 40, ya sauka ya yi gudun kilomita 10, duk a jere ba hutawa. Masu yin ta suna horo iri uku, don haka su ma kullum suna fama da yadda za su raba lokaci tsakanin atisaye da iyalinsu. Abin dariya, yaron ƙauye yana yin ukun nan tun yana ƙarami ba tare da ya san suna da suna ba: ya faɗa rafi, ya kai niƙa a keke, ya bi awaki da gudu. Eliud Kipchoge na ƙasar Kenya, wanda ya ci zinariyar gudun yada-ƙanin-wani sau biyu a Olamfik, ya kuma yi kilomita 42 cikin ƙasa da awa biyu a birnin Biyanna a 2019, a ƙauye ya tashi. Da gudu yake zuwa makaranta, da keke yake kai madara kasuwa don ya taimaki gidansu. Aikin gida bai hana shi zama gwarzo ba.

To, yaya za a yi? Ga shawarata.

Na farko, ranar da ka isa gida, bayan gaisuwa, ka zauna da Baba da Inna ka gaya musu abin da kake so, ka nemi izini. Gayauna ba a ƙwace ta, ba da ita ake yi.

Na biyu, ka biya lokacin daga barcinka, ba daga aikin gandu ba. Ka tashi da asuba, ka yi addu'a, ka yi gudunka, ka dawo kafin a ɗauki fartanya. Ranar da aiki ya yi yawa, ko akwai biki ko rasuwa ko ziyarar kakanni, a bar atisaye. Ranar Lahadi kuwa ta sujada ce da hutawa.

Na uku, ka mai da aike atisaye. In an ce a kai saƙo wurin Gwaggo a ƙauye na gaba, kada ka tura ƙanenka, ka hau keke ka je. An ce zumunta a ƙafa take, kai kuwa ƙafa ce sana'arka. 'Yan mata da ba a cika bari su fita ba, igiyar tsalle a tsakar gida na minti 15 ba ƙaramin aiki take yi ba. Iyaye mata, ku taimaka musu. Zinariyar farko da wani ɗan Nijeriya ya ci shi kaɗai a Olamfik, mace ce ta ci, Chioma Ajunwa, a dogon tsalle a Atalanta a 1996.

Na huɗu, iyo kam a bar shi. Rafin watan Agusta ba ya sanin gwani, ruwan kududdufi kuma shi ne gidan tsargiya.

Na biyar shi ne mafi nauyi. Ba wanda ya manta daren 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara. Ba mu kuma manta abin da ya sami Yargoje a watan Yuni 2024 ba, da 'yan bindiga suka kashe mutane masu yawa. Uban da ya ce kada ka bi hanyar daji da duhun asuba ba ƙiyayya yake yi da wasanka ba, ya san abin da ba ka sani ba. Inda za ka yi gudu da lokacin da za ka fita, maganarsa ce ta ƙarshe. Ku haɗu ku uku ko huɗu, ku yi ta zagaya filin firamare ko harabar majami'a a cikin gari, bayan gari ya waye. In an ce yau ba fita, to ba fita. Babu kofin da ya kai ran ɗa a wurin uwarsa.

Mutanen Koranti sun saba kallon manyan wasanni kusa da garinsu, shi ya sa Manzo Bulus ya yi musu misali da masu tsere, ya nuna cewa mai neman lada sai ya hori kansa cikin kowane abu. Ya kuma gaya wa Timoti cewa horon jiki yana da nasa amfani, amma ibada ta fi shi nesa. Ɗalibin da ya iya tashi da asuba ya yi gudu, ya wuni a gona ba gunaguni, ya zauna hira da kakarsa da dare, ya riga ya koyi horon da ya fi na filin wasa. Irinsa muke so ya dawo mana a sabon zango.

Allah ya kai ku gida lafiya, ya ba mu damina mai albarka, ya ba ƙasarmu salama. Amin.