"Lafiya lau" ba ita ce dukan amsar ba

'Yan'uwa matasa, a ce mai bincike ya zo Funtua da takardar tambayoyi, ya tambayi manomin da aka fanso daga hannun 'yan bindiga, "Kana samun barci?" Mun san amsar: "Lafiya lau." Kunya ba za ta bar shi ya faɗa wa baƙo abin da ke cinsa ba. Takarda ta cika, ciwon yana nan.

Masana halayyar ɗan Adam suna son abin da za a ƙirga, kuma hakan na da amfani. Amma a ganinmu zama da mutum ya fi. Baturen nan Murray Last, don ya fahimci yadda mutanenmu ke neman magani, sai da ya zauna cikin Maguzawa kusa da Malumfashi daga 1969 zuwa 1972.

Abokan Ayuba ma kwana bakwai suka zauna da shi shiru (Ayuba 2:13). Da suka fara bayani ne suka yi kuskure.

A makon nan, mu ziyarci wanda ya daina zuwa zumunta. Mu zauna, mu saurara, kada mu yi gaggawar ba da shawara. Ubangiji ya ba mu haƙuri. Amin.