Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

'Yan'uwa ɗalibai, da yawa daga cikinmu mun sha raba dare muna kallon finafinan jiragen yaƙi masu nitso a ƙarƙashin teku, gabanmu na faɗuwa in bam ya girgiza jirgi, muna tafi in jarumi ya tsira. To, lokaci ya yi da za mu tambayi kanmu: wa ake nuna mana a cikinsu, wa kuma ake ɓoye mana?

Mu ɗauki fim ɗin U-571 da aka yi a Amurka a 2000. A cikinsa sojojin ruwan Amurka ne suka ƙwato Enigma, na'urar da Jamusawa suke ɓoye saƙonninsu da ita a Yaƙin Duniya na Biyu, daga wani jirgin nitso. Alhali kuwa sojojin Ingila ne suka yi wannan aiki a watan Mayu 1941, daga jirgin U-110, wata bakwai kafin Amurka ta shiga yaƙin. Har Firayim Minista Tony Blair sai da ya yi tir da fim ɗin a majalisa.

Amma samun na'ura daban, karanta saƙo daban. Wanda ya jagoranci masu warware sirrin sojojin ruwan Jamus a Bletchley Park shi ne Alan Turing, masanin lissafi. Aikinsu ya sa ayarin jiragen abinci suka riƙa kauce wa tarko a Tekun Atlantika. Da me aka saka masa? A 1952 kotu ta kama shi da laifin neman namiji ɗan'uwansa, aka ba shi zaɓi tsakanin kurkuku da allurar kashe sha'awa, ya ɗauki allura. Ya rasu a 1954 yana da shekara 41. Gwamnati ba ta nemi gafara ba sai a 2009.

Su kuwa masu fim, da suka tashi ba da labarin Bletchley a fim ɗin Enigma na 2001, sai suka share Turing, suka ƙago wani masanin lissafi mai begen budurwa. Da The Imitation Game ya nuna shi a 2014, nan ma sai da aka laƙa masa ƙaryar cewa ya rufa wa ɗan leƙen asirin Tarayyar Sobiyet asiri.

Wani zai ce, ina ruwanmu da mutumin da halinsa ya saɓa wa tarbiyyarmu? Ba fatawa muka zo bayarwa ba, wannan fagen malamai ne. Abin da muke cewa shi ne, ƙin halin mutum bai halatta a ci amfanin guminsa sannan a goge sunansa ba. Wannan zalunci ne, ko wa aka yi wa.

Mu kuwa ya kamata mu fi kowa sanin zafinsa. Kakanninmu sun yi yaƙi a dazuzzukan Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, wasu can aka binne su. A finafinai nawa muka gan su? Hannun da ya share Turing don bai dace da siffar jarumi ba, shi ne ya share su.

Saboda haka muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai: duk daren da za a nuna irin wannan fim a zaure, a gayyato malamin tarihi, a yi muhawara bayan an kunna fitila. Wanda ya haɗiye tarihin wasu ba tauna, wata rana nasa za a miƙo masa a gurɓace, ya haɗiye.