Rabon Ƙarfin Kwamfutocin Gwamnati Na Buƙatar Rubutacciyar Ƙa'ida

Kusan shekara ashirin ke nan Gwamnatin Tarayya tana tattara ayyukanta na kwamfuta wuri guda. A 2006 aka kafa kamfanin Galaxy Backbone domin ya zama rumbun bayanai da hanyar sadarwar ma'aikatu. A 2019 hukumar NITDA ta fitar da manufar da ke ƙarfafa hukumomi su riƙa amfani da manyan cibiyoyin haɗaka maimakon kowace ta sayi nata injinan. A 2023 aka buɗe wata babbar cibiyar a Kano, sannan Ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya ya sanya 31 ga Disamban 2025 a matsayin wa'adin daina aiki da takarda. Wannan jarida na goyon bayan tafiyar, domin ta fi arha kuma ta fi tsaro a kan ɗakunan sabar da kowace ma'aikata ke ciyarwa da dizal. Sai dai idan jama'a da yawa suka taru a kan tukunya ɗaya, dole a tambayi wanda ke riƙe da ludayi, da ƙa'idar da yake bi wajen zubawa.

Abubuwa uku ake rabawa a irin waɗannan cibiyoyi: ƙarfin lissafi, da ma'adanar da manhaja ke aiki a cikinta, da faɗin hanyar sadarwa. A ranar da babu cunkoso kowa na samun abin da ya ishe shi. Matsalar tana fitowa ne ranar da buƙatu suka yi karo, kamar a ce lissafin albashin ƙarshen wata ya haɗu da ranar rufe wata rajista a kan injina guda. A wannan sa'ar wata manhaja ce ke yanke hukuncin wanda zai jira, kuma tana yin haka ne bisa umarnin da wani mutum ya rubuta mata.

Wanda yake son ganin inda hukuncin ke sauka, ya dubi Gwallameji da ke kan titin Dass a Bauchi. Nan ce mazaunin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 1979, unguwa ce ta gidajen hayar ɗalibai da shagunan kwamfuta, ga kuma harabar Yelwa ta Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a kusa. Tun da aka tilasta Asusun Bai Ɗaya a 2015, kuɗin makarantun tarayya ta Remita yake bi. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN. Tun 24 ga Mayun 2024 neman rancen NELFUND a shafin intanet ake yin sa, haka ma rajistar hidimar ƙasa. Galibin waɗannan suna da ranar rufewa. Idan shafi ya yi nauyi, darakta a Abuja yana da lambar wanda zai kira. Ɗalibin Gwallameji kuwa sai ya sake sayen data, ya sake biyan mai shago, ya dawo gobe, idan goben tana cikin wa'adi.

A watan Fabrairun 2022 hanyar tantance lambar NIN ta tsaya na kwanaki, rajistar layukan waya da harkar fasfo suka cije tare da ita. Wancan tsayawa ce ɗungurungum, amma ta nuna yawan ayyukan da ke rataye a igiya ɗaya, kuma duk ranar da igiyar ta kasa ɗaukar kowa, wani ne za a fara saukewa.

Masana sun daɗe da gano cewa ƙa'idoji masu sauƙin faɗa ba sa aiki. Idan aka ce wanda ya riga zuwa shi za a fara sallama, babban aiki guda zai tare ƙofa na sa'o'i yayin da ƙanana dubu ke jira. Irin wannan ce ta sa aka ƙirƙiro manhajar rabon adalci ga injinan Facebook. Idan aka ce a raba komai daidai wa daida, za a yi asara, domin wata manhajar lissafi take ci, wata kuma ma'adana. A 2011 Ali Ghodsi da Matei Zaharia da Ion Stoica da abokan aikinsu a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka kawo tsarin da ake taƙaitawa da DRF: a dubi abin da kowace manhaja ta fi ci, sannan a daidaita kasonsu a kan wannan. Misalinsu shi ne cibiya mai injin lissafi 9 da ma'adana gigabait 18. Kowane aikin manhaja ta farko yana son inji 1 da gigabait 4, na ta biyu kuma inji 3 da gigabait 1. Sai a ba ta farko ayyuka 3, ta biyu ayyuka 2. Da haka kowace ta samu kashi biyu bisa uku na abin da ta fi buƙata.

Abin da ya fi dacewa da mu a tsarin shi ne cewa ƙarya ba ta da riba a cikinsa: wanda ya zuzuta buƙatarsa ba zai samu ƙarin aiki ba. Masu binciken sun ba da labarin wani kamfani da ya ce zai keɓe injina ga sashen da ya nuna yana yawan amfani da su, sai ma'aikata suka riƙa cusa wa manhajojinsu aikin banza don injinan su yi ta zafi. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake rige-rigen ƙarar da kuɗin kasafi kafin shekara ta ƙare ba zai yi mamaki ba.

Adalci kuma ba ya hana fifiko. A bayanin da Google ya wallafa a 2015 kan tsarinsa mai suna Borg, ayyukan da mutum ke jira a gaban allo suna gaban manyan lissafe-lissafen da za su iya kwana, kuma na sahun gaba ba sa ture junansu. A ra'ayinmu, haka ya kamata gwamnati ta jera nata. Ɗan ƙasa mai wa'adi a wuyansa shi ne na farko. Albashi da fansho a keɓe musu tabbataccen kaso, a kuma riƙa yin lissafinsu cikin dare. Rahotanni da alƙaluman da ofisoshi ke haɗawa su zo a ƙarshe, ko da mai girma minista ne ya nema.

A nan ne maganar ta shafi masu karatunmu kai tsaye. Inda babu rubutacciyar ƙa'ida, kiran waya ne ke zama ƙa'ida, kuma hadimai ne ke yin kiran. Injiniyan da ke bakin aiki ƙaramin ma'aikaci ne, ba zai iya ce wa ofishin babban sakatare ya jira ba sai da takarda a hannunsa. Takardar kariya ce gare shi, kariya ce kuma ga hadimin da aka aiko, wanda zai samu amsar da zai mayar wa maigidansa.

Muna kira ga NITDA da Galaxy Backbone da Ofishin Shugabar Ma'aikata su rubuta jerin fifikon su wallafa shi, tare da kason da aka tabbatar wa kowace hukuma. Hukumomi masu rajista su riƙa miƙa jadawalin ranakunsu tun farkon shekara, don kada manyan wa'adodi su faɗo a mako guda. A kuma riƙa bayyana sa'o'in da kowane shafi ya yi yana nauyi ko a tsaye. Duk lokacin da cikas ɗin daga ɓangaren gwamnati ne, a ƙara wa'adin da adadin sa'o'in da aka rasa, ba tare da sai ƙungiyar ɗalibai ta rubuto takardar roƙo ba.