Ɗan Hakin Da Ka Raina

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, manoman Ngaski da Yawuri suke bin janyewar ruwan tafkin suna noma gaɓarsa, shinkafa kuwa tana cikin abin dogaronsu. Ɗaya daga cikin abokan gabanta ita ce cutar bakteriya mai ƙone ganye.

Sai dai shuka ba ta tsayawa a cuce ta. A fatar ƙwayoyin jikinta akwai masu gadi, waɗanda da zarar sun shinshino alamar cuta sai su aika da saƙo ciki, su farkar da ƙwayoyin gādon kariya. Nan take shuka za ta ƙarfafa bangonta, ta haɗa dafin kashe baƙuwar.

Wani mai gadi irin wannan, watau Xa21, daga shinkafar daji ta ƙasar Mali aka samo shi. A 1995 Pamela Ronald da abokan aikinta a Kalifoniya suka ware ƙwayar gādonsa. Irin wannan shinkafa tana tsirowa a fadamun Afirka ta Yamma, manomi kuwa ciyawa ya ɗauke ta, cirewa yake yi.

Lalle ne a bar mata gefen fadama, a kuma adana irinta. Sa'an nan wajibi ne Sashen Hausa ya tattara sunayen da manoman bakin tafki suke kiran shinkafarsu da cututtukanta, tun dattawan suna raye. Idan suna ya ɓace, neman irin zai yi wuya.