Idan Aka Sauya Wa Mutum Layi Ba Da Izininsa Ba, Wa Zai Ɗauki Asarar?

Lambar waya ta wuce abin kira da gaisuwa. Ga matashi mai sana'ar POS a Tudun Wada ta Gusau, ko ɗan kasuwar hatsi da ke zirga-zirga tsakanin Tsafe da Bungudu, wannan lamba ita ce mabuɗin asusun banki. Ita ke karɓar lambar OTP, ita ke riƙe da WhatsApp da Facebook. A OPay da PalmPay ma lambar wayar ita ce lambar asusun, sifilin farko kawai ake cirewa. Duk wanda ya riƙe layin wani na awa ɗaya, ya kusa riƙe aljihunsa.

Shi ya sa batun wanda ke da ikon ɗauke layi daga wannan kamfani zuwa wancan, ko daga wannan sim zuwa wani, ya shafi kowane mai waya. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi ƙoƙari wajen sanya matakan tantancewa. Abin da ya rage shi ne ta fito fili ta ce: idan aka sauya layi kuma mai shi ya ce bai ba da izini ba, kamfani ne zai kawo hujja, kuma shi zai ɗauki asarar idan ya kasa.

Yadda ƙaura da lamba ta fara

Daga shekarar 2001 da wayar salula ta shigo Najeriya, lamba a ɗaure take da kamfani. Mai 0803 na MTN ne, mai 0805 na Glo ne, mai 0802 na kamfanin da yau ake kira Airtel ne. Wanda ya gaji da sabis ɗin kamfaninsa sai dai ya sayi sabon layi ya fara bin mutane yana raba sabuwar lamba. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa waya mai sim biyu ta samu karɓuwa a ƙasar nan.

A ranar 22 ga Afrilun 2013 NCC ta ƙaddamar da tsarin ƙaura da lamba. Mai layi zai je ofishin kamfanin da yake son komawa da kansa, ya cike fom, a tantance shi, sannan ya tura kalmar PORT zuwa 3232 daga layin da yake son ƙaura da shi. Za a ba shi sabon sim ɗauke da tsohuwar lambarsa, ba tare da ya biya kuɗin ƙaurar ba. Kati da datar da suka rage a tsohon kamfanin ba sa bin sa. Akwai kuma wa'adin da dole ya jira kafin ya sake wata ƙaurar, wanda a farkon tsarin kwana 90 ne.

Tsarin alheri ne, domin shi ya ba mai layi bakin magana. An ga amfaninsa lokacin da sabis ɗin 9mobile ya yi rauni, masu layi da yawa suka kwashe lambobinsu suka koma wasu kamfanoni. Bayan NCC ta amince da ƙarin farashin kira da data na kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, damar barin kamfanin da bai gamsar ba ta ƙara muhimmanci. Babu mai hankalin da zai nemi a rufe wannan ƙofa. Maganar ita ce wa ke gadinta.

Ƙofofi biyu da ake bi

Hanyoyi biyu ne lamba ke iya barin hannun mai ita. Ta farko ita ce ƙaura zuwa wani kamfani. Ta biyu ita ce sabunta sim a kamfani ɗaya, abin da aka fi sani da welkom-bak. A duka biyun, da zarar sabon sim ya fara aiki, tsohon ya mutu, kuma duk kira da saƙo sun koma wurin mai riƙe da sabon.

A ƙofar farko, babbar shaidar amincewa ita ce saƙon da aka tura zuwa 3232. Amma na'ura ba ta san yatsan wa ya danna ba. Abin da ta sani kawai shi ne saƙon ya fito daga wannan sim. A garin da rashin wuta ke sa mutane barin wayoyinsu a shagon caji, ko wurin mai gyara, ko su miƙa wa wani ya duba musu saƙo, fitowar saƙo daga sim ba ta tabbatar da cewa mai shi ya yarda ba. Akwai kuma wanda zai tura da hannunsa ba tare da ya fahimci abin da yake yi ba. Idan aka ce wa dattijo ya tura wata kalma domin ya samu kyautar data, kuma amsar da ta dawo da Turanci take, ya danna, amma ba a ce ya amince ba.

A ƙofa ta biyu, kariya ita ce NIN da hoton fuska ko zanen yatsa. Tun Disambar 2020 gwamnati ta wajabta haɗa layi da NIN, aka yi ta ɗage wa'adi har zuwa 14 ga Satumbar 2024. Wannan ya rage ɓarna, ba shakka. Sai dai duk tantancewar nan a hannun mutum take ƙarewa, wato ma'aikaci ko ejan da ke zaune gaban kwamfuta. Idan aka yaudare shi, ko aka haɗa baki da shi, mai layi yana gida bai san wainar da ake toyawa ba. Ba ƙananan mutane kaɗai abin ke ci ba. A Agustan 2019 ta hanyar sauya sim aka ƙwace shafin Twitter na Jack Dorsey, wanda a lokacin shi ne shugaban kamfanin na Twitter.

Matsalar da ta keɓanci Zamfara

Shawarar da aka saba bayarwa ita ce: wanda ya ga sabis ya ɗauke a wayarsa haka kawai, ya hanzarta zuwa ofis, domin wataƙila an sauya masa sim. Wannan shawara tana da ma'ana a inda ɗaukewar sabis baƙon abu ne. A Zamfara ba haka ba ne.

A farkon Satumbar 2021 NCC ta umarci kamfanoni su rufe sabis a faɗin jihar bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, saboda yaƙi da 'yan bindiga. Mutane sun riƙa fita zuwa maƙwabtan jihohi domin kira ɗaya ko cire kuɗi. An dawo wa Gusau da sabis a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa suka ci gaba da jira. Ko a yanzu, wanda ya bar Gusau ya nufi ƙauyukan Tsafe ko Bungudu ya san wuraren da sabis ke ɓacewa. Mutumin da ya saba da haka, idan wayarsa ta nuna babu sabis, zai ce matsalar netwok ce ya ci gaba da harkarsa. Kafin ya gane layinsa kaɗai ne ya mutu, kwana ɗaya ko biyu sun wuce, kuma ɓarawo ba ya buƙatar fiye da mintuna kaɗan.

Daga nan wahala ke farawa. Ejan zai ce a je babban ofis. Banki zai ce da lambar OTP aka cire kuɗin, don haka ba laifinsa ba ne. Kamfanin waya zai ce kwamfutarsa ta nuna an bi ƙa'ida. Wanda aka cuta shi ne zai biya kuɗin mota, ya bar sana'arsa, ya bi hanyar da kowa ya san haɗarinta, domin ya tabbatar da abin da ba shi da hanyar tabbatarwa. Fom ɗin da aka cike, hoton da aka ɗauka, sunan ejan da lokacin da aka yi aikin, duk suna hannun kamfani.

Darasi daga Amurka

Amurka ta sha fama da irin wannan. Bayan an raba kamfanin AT&T a 1984, kamfanonin kiran nesa suka shiga gasar neman kwastomomi, wasu suka riƙa mayar da layukan mutane wurinsu ba tare da sun tambaye su ba. Dokar sadarwa ta 1996 ta haramta hakan, sannan hukumar FCC ta kafa ƙa'ida mai sauƙin fahimta. Idan mutum ya yi ƙorafi, kamfanin da ya karɓi layin ne zai nuna shaidar izini. Idan ya kasa, kuma mai layin bai riga ya biya ba, ba zai biya kuɗin kwana 30 na farko ba. Idan ya riga ya biya, kamfanin zai mayar da kashi 150 cikin 100 na kuɗin ga kamfanin asali, wanda shi kuma zai ba mai layin rabin abin da ya biya.

A Nuwambar 2023 FCC ta ƙara wasu ƙa'idoji kan sauya sim da ƙaura da lamba: a sanar da mai layi nan take idan aka nemi sauyi, kuma a ba shi damar kulle layinsa. Tsarin biyan kuɗin waya a can ya bambanta da na Najeriya, inda galibi kati ake sawa kafin a yi kira. Amma tushen ƙa'idar ya dace da ko'ina. Muddin sakaci bai jawo wa kamfani asara ba, ba zai kashe kuɗi wajen toshe shi ba.

Abin da ya kamata NCC ta yi

Dokar Sadarwa ta 2003 ta ba hukumar ikon kare masu amfani da layi, kuma ta taɓa amfani da shi. A 2016 ta kawo 2442 domin dakatar da saƙonnin talla. Ta samar da 622 domin ƙorafin da kamfani ya kasa warwarewa. A Mayun 2025 ta umarci kamfanoni su riƙa sanar da jama'a idan aka samu babbar katsewar sabis, su kuma biya diyya idan ta wuce awa 24. A kan wannan turba, abubuwa huɗu ne ake buƙata daga hukumar da Dakta Aminu Maida ke jagoranta.

Na farko, nauyin hujja ya koma kan kamfani, tare da gajeren wa'adi. Idan bai nuna shaidar izini ba cikin kwanakin da aka ƙayyade, a mayar da layin, a maido da kati da data, kuma ya shiga cikin biyan kuɗin da aka sace ta wannan hanya. Laifin ejan laifin kamfanin da ya ba shi na'ura ne.

Na biyu, a ba kowa damar kulle layinsa kyauta ta hanyar danna gajeriyar lamba, yadda mai ƙaramar waya ma zai iya. Layin da aka kulle ba za a yi ƙaura da shi ko a sabunta shi ba sai da lambar sirrin mai shi.

Na uku, sanarwar sauyi ta je wuri biyu: kan layin kansa, da wata lamba ta biyu da mutum ya zaɓa, ta matarsa, ko ɗan'uwansa, ko ɗaya layin nasa. Kuma ta zo da harshen da ya zaɓa. Kamfanonin da ke iya tallan data da Hausa a rediyo ba za su kasa rubuta gargaɗi mai layi biyu da Hausa ba.

Na huɗu, bankuna su riƙa samun labari nan take idan an sauya sim, domin su tsayar da manyan taransfa na ɗan lokaci. Wannan aiki ne na NCC da Babban Bankin Najeriya tare.

Ƙorafin da za a yi

Za a ce tsaurara ƙa'ida zai ƙara wahalar da mutanen kirki. Gaskiya ne akwai wannan haɗari, musamman ga waɗanda rikici ya raba da ƙauyukansu suka rasa waya da takardu lokaci ɗaya. Amma shawarwarin nan ba su ƙara wa mai layi takarda ko ɗaya ba. Kulle zaɓi ne, sanarwa kamfani ke turawa, hujja kuma kamfani ke ajiyewa. Wanda ya manta lambar sirrinsa, fuskarsa da yatsansa suna nan a rumbun NIN.

Za a kuma ce kamfanoni za su fake da tsaro su hana mutane barinsu. Wannan ma abin lura ne, shi ya sa mabuɗin kullen dole ya kasance a hannun mai layi, kuma a hukunta kamfanin da ya ja ƙafa wajen sakin wanda ya nemi tafiya da kansa. Wasu za su ce ai ɓarawo ne mai laifi. Haka ne, amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Kafin dokar ta zo

Akwai abin da mai waya zai iya yi yau. Ya sanya wa sim ɗinsa lambar sirri daga saitin waya, domin ko an cire shi an sa a wata wayar ba zai buɗe ba. Ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp. Ya cire sim kafin ya ba da waya gyara. Kada ya tura komai zuwa 3232 sai idan shi ne ya yi niyyar ƙaura, kuma kada ya karanta wa kowa OTP ko da ya ce daga banki yake. Idan sabis ya ɗauke, ya tambayi na kusa da shi mai layin kamfani ɗaya. Idan nasa ne kaɗai ya mutu, ya ari waya ya sa banki ya toshe asusun kafin komai, sannan ya kira 300 ko ya je ofis, ya karɓi lambar ƙorafi. Da wannan lambar zai kira 622 idan kamfanin bai yi komai ba.

Kowane ƙorafi da ya isa 622 yana shiga lissafin hukumar. Idan na Gusau da Tsafe da Bungudu ba su isa can ba, za a ɗauka babu matsala a Zamfara.